Yadda ake aiken kwamfuta daga nesa

Ɗan kasuwar da ke zaune Maraɗi, in yana da mangaza a Damagaram, ba kullum yake samun zuwa ba. Ranar da yake son sanin buhu nawa suka rage, sai ya aiki yaronsa. Amma aike yana da ƙa'idodi. Dole mai tsaron mangaza ya tabbata daga wurin maigida yaron ya fito. Dole yaron ya isa mangazar da aka aike shi, kada ya shiga ta wani. Kada ya faɗa ma kowa saƙon bisa hanya. In ya gama kuma, ya komo ya faɗi abin da ya tarar. Ɗan aiken da ya tafi bai komo da amsa ba, kamar ba a aike shi ba ne.

Haka abin yake wajen kwamfuta, na'urar nan da ake ce ma ordinateur da faransanci. Kwamfuta ba ta yin komi sai an ba ta umurni. Umurni gajeriyar magana ce da ake rubuta mata: nuna kwanan wata, kwafi wannan takarda, share wancan suna. In aka jera umurni da yawa, aka adana su don kwamfuta ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, wannan jerin shi ake kira manhaja.

Manyan kwamfutocin da ke riƙe da lissafin bankuna da saƙonnin talho ba a ofis suke ba. Suna cikin wasu manyan gidaje masu sanyi, an jera su bisa kantoci, ɗaruruwa ko dubbai. Galibinsu ba su da allon dubawa, ba su da madannan rubutu. Ma'aikacin da ke kula da su yana iya zama wani gari, ko ma wata ƙasa, kuma wataƙila bai taɓa ganin su da idonsa ba. Ta waya yake aika masu umurni.

Farkon abin

Cikin watan Satumba na shekarar 1940, masanan lissafi na ƙasar Amurka suka yi taro a makarantar Dartmouth, cikin wani ƙaramin gari mai suna Hanover. Wani masani, George Stibitz, ma'aikacin kamfanin talho na Bell, ya kawo keken rubutu wanda aka haɗa da waya. Na'urar lissafin da ya ƙera ba ta wurin. Tana can birnin Niyok, wajen kilomita 400 daga inda ake taron. Sai a buga lissafi bisa keken rubutu, ya bi waya ya tafi, na'urar ta yi aikinta, amsa ta komo ta fito bisa takarda gaban jama'a. Wannan ne karon farko da aka sa na'urar lissafi aiki daga nesa.

Bayan shekara 29 aka fara haɗa kwamfuta da kwamfuta cikin wata hanyar sadarwa mai suna ARPANET, wadda ita ce mafarin intanet. Daren 29 ga Oktoba 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline yana zaune a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas. Yana son ya shiga wata kwamfuta da ke cibiyar bincike ta Stanford, fiye da kilomita 500 daga inda yake. Kalmar da zai aika ita ce LOGIN, wato neman izinin shiga. Yana riƙe da talho, yana magana da abokin aikinsa Bill Duvall da ke can. Ya buga L, ya tambaya ko ta iso, aka ce ta iso. Ya buga O, ita ma ta iso. Yana buga G sai kwamfutar can ta tsaya cik. Sai da aka yi wajen awa guda ana gyara kafin kalmar ta wuce duka. Abin lura a nan shi ne, ɗalibin bai wuce zuwa harafi na biyu ba sai da ya ji labarin na farko.

Wasiƙa ba ambulan

Daga nan aka tsara wata hanya mai suna Telnet. Da ita mutum yana zaune gaban kwamfutarsa, ya riƙa buga umurni, kwamfutar nesa tana aikatawa kamar yana gabanta. An yi shekaru fiye da ashirin ana amfani da ita da ire-irenta. Amma tana da babban aibi.

Saƙon da ke bin intanet ba kai tsaye yake tafiya ba. Yana ratsa na'urori da yawa, kamar yadda wasiƙa ke ratsa gidajen waya kafin ta kai ga mai ita. To, Telnet ba ta rufe saƙo. Duk abin da mutum ya buga a fili yake tafiya, har da sunansa da kalmarsa ta sirri. Wasiƙa ce ba ambulan, duk hannun da ta ratsa yana iya karantawa. Lokacin da masu amfani da hanyar ba su da yawa, kuma kusan duk sun san juna, ba wanda ya damu. Da jama'a suka yawaita, sai ɓarayi suka shigo.

A shekarar 1995 aka gano wani ya ɗana manhajar satar ji cikin wayoyin jami'ar fasaha ta Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan. Manhajar ta laɓe tana kwashe sunaye da kalmomin sirri na mutane dubbai. Duk wanda ya riƙe waɗannan kalmomi yana iya shiga kwamfutocin mutane ya ba su umurni da sunan masu su. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya ga abin ya yi muni. Sai ya zauna ya rubuta wata sabuwar manhaja, ya sa mata suna SSH. Cikin watan Yuli na wannan shekara ya sake ta kyauta ga duk mai so. Kafin shekarar ta ƙare, mutane wajen 20.000 cikin ƙasashe 50 suna aiki da ita. A 1999 wasu masana na ƙungiyar OpenBSD suka fito da irin tasu mai suna OpenSSH, ita ma kyauta, kuma ita ce ta fi yaɗuwa a duniya.

Abin da ke faruwa kafin umurni ya wuce

Kowace kwamfuta da ke bisa intanet tana da adireshi. Tana kuma da ƙofofi masu lamba, ba na itace ko na ƙarfe ba, lambobi ne kawai da ke nuna irin aikin da baƙo ya zo nema. Ƙofar Telnet ita ce ta 23. Ta aika takardu ita ce ta 21. Ylönen ya ga ta 22 ba kowa, ya rubuta ma hukumar da ke raba lambobin ya roƙa, aka ba shi. Har yau ta 22 ce ƙofar SSH.

In kwamfutar mai aike ta yi sallama a wannan ƙofa, ba ta fara faɗin saƙonta ba. Ita ce ke fara tambaya: wane ne mai gidan nan? Kwamfutar nesa sai ta nuna alamarta, wata doguwar lamba wadda ba mai irinta. Ranar farko mai aike zai duba alamar, ya yarda da ita, a rubuta ta a ajiye. Daga ranar, duk zuwan da za a yi sai an gwada alamar da wadda aka ajiye. In sun bambanta, SSH tana yin gargaɗi da manyan baƙaƙe, ta ƙi wucewa. Mai yiwuwa ne an sake kwamfutar ce kawai. Mai yiwuwa ne kuma wani ya tare hanya yana cewa shi ne mai gidan, don a miƙa mashi saƙo. Ma'aikacin da ya share wannan gargaɗi ba tare da ya bincika ba ya yi ganganci.

Bayan haka kwamfutocin biyu su shirya wani asiri tsakaninsu. Yara sun san zaurance, inda ake ƙara gaɓoɓi cikin kalma ko a juya ta don kada na gefe ya gane. Wannan ma zaurance ne, amma na lissafi, kuma sabo ake ƙagawa duk lokacin da aka haɗu. Mai satar ji yana ganin saƙo yana wucewa, amma tarin baƙaƙe da lambobi ne marasa ma'ana a gare shi. Dabarar da ke sa kwamfutoci biyu su shirya asiri a gaban mai saurare, shi kuwa bai gane ba, wasu masana biyu ne, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka bayyana ta a 1976.

Sai an gama wannan duka mai aike zai nuna ko shi wane ne. Hanya mai sauƙi ita ce kalmar sirri. Amma akwai wadda ta fi ta, ita ce ta hatimi. A dā, in sarki ya aika ma hakimi takarda, yakan buga mata hatiminsa. Hatimin yana hannun sarki, ba ya barin fada. Hakimi kuwa ya san zanensa, da ya gani ya san daga ina takarda ta fito. SSH tana ƙera lambobi biyu masu tafiya tare. Ta farko ita ce hatimin, tana zama cikin kwamfutar mai aike, ba a ba kowa. Ta biyu ita ce ta gane hatimin, ita ake ajiyewa cikin kwamfutar nesa, ko wani ya gan ta ba komi. Duk zuwan da aka yi, mai aike zai buga hatiminsa bisa wani saƙo sabo, kwamfutar nesa ta gwada. In ya dace ta buɗe. Hatimin sarki, gwanin maƙeri yana iya kallon zanensa ya ƙera irinsa. Wannan kuwa ba a iya gano shi daga zanensa, domin lissafin ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su.

To, yanzu umurni yana iya wucewa. Ga misalin layi guda:

ssh malam@kwamfuta2 date

Kalmar farko sunan manhajar ce. Ta biyu tana nuna sunan mai shiga da sunan kwamfutar da ake nufi. Ta ƙarshe ita ce umurnin, ma'anarsa a nuna kwanan wata da lokaci. Kwamfuta ta biyu ce za ta duba agogonta, amma amsar bisa allon mai aike za ta fito.

In manhaja ce ke aike

A ce wani ma'aikaci yana kula da kwamfutoci 200. Kowane dare yana son ya san ko wurin ajiyar wata ya kusa cika. In da hannu zai bi su, yana ba kowace minti 3, zai yi minti 600, wato awa 10. Kafin ya kai ta ɗari barci ya kama shi, ya fara tsallake wasu. Saboda haka sai ya rubuta manhaja. Ya ba ta sunayen kwamfutocin, ya ba ta umurnin, ya sa mata lokaci. Ƙarfe biyu na dare, yana gida yana barci, manhajar za ta bi su duka ta tattaro amsoshi. Ga amfanin hatimi a nan: ba mutumin da ke zaune da zai buga kalmar sirri, kuma rubuta kalmar sirri cikin manhaja daidai yake da barin makulli a jikin ƙofa.

Amma manhaja ba ta da hankali irin na mutum. Mutum in ya ga abu ya karkace yakan tsaya ya yi tunani. Manhaja ba ta tsayawa sai in an rubuta mata ta tsaya. Don haka dole mai rubuta ta ya koya mata sauraren amsa.

Abu uku ne ke komowa daga kwamfutar nesa. Akwai sakamakon aikin, akwai ƙorafi in an samu matsala, akwai kuma wata lamba guda tsakanin 0 da 255. Wannan lamba ita ce ta fi amfani ga manhaja. In 0 ce, aiki ya yi daidai. A nan sifili shi ne sakamako mai kyau, ba kamar na jarrabawa ba. In wata lamba ce, akwai abin da ya lalace. In kuwa hanyar ce ta yanke, ko an hana shiga, SSH da kanta tana ba da 255. Manhaja mai kyau tana duba lambar nan bayan kowane umurni. A ce umurni na farko shi ne a kwafi wasu takardu zuwa wani wuri, na biyu kuma a share na asali. In kwafin bai yiwu ba, manhajar kuma ba ta duba ba ta wuce zuwa sharewa, takardun sun tafi ke nan.

Ana kuma yanka mata iyakar jira, domin kwamfutar nesa tana iya yin shiru, ba i ba a'a. In ba a ce mata ta jira daƙiƙa kaza ta wuce ba, za ta tsaya ƙofar nan har gari ya waye, sauran kwamfutocin ba a duba su ba. Tsawon jiran ya danganta da nisan wuri. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, kwamfutarsa ta samu matsala cikin Nuwamba 2023, yana nesa da duniya fiye da kilomita miliyar 24. Shi ta rediyo ake aika mashi umurni. Da masana suka aika gyara ranar 18 ga Afrilu 2024, sai da saƙon ya yi awa 22 da rabi yana tafiya, amsa ma haka. Ranar 20 ga wata suka ji gyaran ya kama.

Kuskure biyu

A birnin Niyok akwai kasuwar hannun jari, inda kwamfutoci ne ke yawancin saye da sayarwa. Wani kamfani mai suna Knight Capital yana da kwamfutoci takwas masu wannan aiki. Ƙarshen watan Yuli 2012 aka sa masu sabuwar manhaja. Ma'aikacin da ya yi aikin ya sa ma bakwai, ta takwas ba ta samu ba, kuma ba wanda ya bi bayansa ya duba. Safiyar 1 ga Agusta, da aka buɗe kasuwa, ta takwas ɗin ta tashi da tsohon umurni, ta shiga saye da sayarwa ba tsayawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar fiye da dala miliyan 400. Shekarar da ta biyo aka haɗe shi da wani kamfani. Da an bi kwamfutocin takwas an tambayi kowace wace manhaja ke cikinta, da an ga ɗaya ta bambanta.

Wannan kuskuren mantuwa ne. Na biyu ya fi shi faɗi, kuma mutanen Nijar ma sun ji shi a jikinsu. Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, bayan la'asar agogon Nijar, WhatsApp ya daina aiki. Facebook da Instagram ma haka, domin duk na kamfani ɗaya ne. Wasu suka zaci talhonsu ne ya lalace, wasu suka zaci kuɗinsu ne ya ƙare. Ashe duniya duka ce.

Ga abin da kamfanin ya ce ya faru. Ana cikin aikin gyara na yau da kullum, sai aka aika wani umurni don a auna ƙarfin manyan wayoyin da ke haɗa gidajen kwamfutocinsa. Maimakon aunawa, umurnin ya yanke haɗin duka. Akwai manhajar da aikinta shi ne ta tace irin wannan umurni ta hana shi wucewa, amma ita ma tana da nata kuskuren, ba ta hana ba. Abin da ya ƙara dagula al'amari shi ne, hanyar da masu gyara za su bi su aika umurnin gyara ita ce ta yanke. Kamar mutum ne ya aika a rufe ƙofar gari, ya manta shi kansa yana waje. Dole aka tura ma'aikata da ƙafarsu zuwa gidajen kwamfutocin. Can ma shiga bai yi sauƙi ba, domin an gina su ne yadda ba kowa ke iya kai hannu ga na'urorin ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, ranar nan kuwa saƙo ma bai yiwu ba. Sai da aka yi wajen awa shida kafin abubuwa su fara komowa.

Saboda irin wannan ne ƙwararrun ma'aikata ba su aika sabon umurni ga kwamfutoci duka lokaci guda. Sukan gwada shi bisa guda ɗaya, su duba amsa, sannan goma, sannan sauran. In gyaran ya shafi hanyar da suke bi, sukan sa ma na'urar sharaɗi: in minti kaza ya wuce ba ta sake jin su ba, ta koma yadda take dā. Sukan kuma ajiye wata hanya ta dabam wadda ba ta dogara da ta farko ba. Hatimin da ake ba manhaja shi ma ana rage mashi iko. Wanda aka yi don duba wurin ajiya, ana iya ɗaure shi ga wannan umurni guda, yadda ko ɓarawo ya sace shi ba zai iya share komi da shi ba.

Tambayoyi

1. A wane gari na'urar George Stibitz take lokacin taron 1940?
2. Waɗanne haruffa ne suka isa Stanford kafin kwamfutar ta tsaya?
3. Me ya sa aka kwatanta Telnet da wasiƙa ba ambulan?
4. Cikin lambobin nan biyu masu tafiya tare, wace ce ba a ba kowa?
5. Me lambar 0 ke nufi in ta komo daga kwamfutar nesa?
6. Me ya hana masu gyara su aika umurnin gyara ranar 4 ga Oktoba 2021?

Lissafi

Ma'aikaci yana da kwamfutoci 360. Yana ba kowace minti 4. Awa nawa zai yi? In manhajarsa tana duba kwamfuta 20 cikin minti guda, minti nawa za ta yi?

Aiki cikin aji

Ku rabu uku-uku. Na farko ya rubuta umurni biyu bisa takarda, yadda na biyun ba ya yiwuwa sai na farkon ya yiwu. Na biyu ya kai takardar. Na uku shi ne kwamfuta: ya aikata abin da aka rubuta kawai, ba ƙari ba ragi, sannan ya rubuta 0 in ya iya, ko 1 in ya kasa. Ku yi wasan sau biyu. Karon farko a aika umurnin biyu tare. Karo na biyu kada a aika na biyun sai amsar na farko ta komo. Ku rubuta abin da ya faru a kowane karo cikin littafinku.